John Kennedy: Tattaɓa-kunnen Ɗan Gudun Yunwa da Ya Mulki Amurka

A wannan makon allonmu ya kawo muku tarihin John Kennedy, shugaban Amurka na 35.

Tarihinsa ya faro ne daga yunwa. Ailan wani tsibiri ne da ke yamma da Ingila. Talakawan can sun dogara da dankalin turawa kamar yadda muka dogara da gero da dawa. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa a gona shekara bayan shekara. Mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka kuma suka bar ƙasar. Cikin waɗanda suka tafi akwai wani saurayi, Patrick Kennedy, daga ƙauyen Dunganstown. Ya shiga jirgin ruwa ya sauka a birnin Boston na Amurka, ya kama sana'ar haɗa gangunan katako. A lokacin ana raina 'yan Ailan ƙwarai, har wasu masu ɗaukar ma'aikata ba sa son su. Patrick ya rasu a 1858, ya bar matarsa Bridget da ƙananan yara. Ita ce ta yi ta fama har ta buɗe ɗan kanti ta rene su. Patrick ɗin nan shi ne kakan mahaifin John.

An haifi John ranar 29 ga Mayu, 1917, a Brookline kusa da Boston. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya tara. Kafin nan gidansu ya yi arziki, amma shi yaro ne mai yawan laulayi, saboda haka ya saba da karatu a kan gadon jinya. Ya gama Jami'ar Harvard a 1940, sannan ya shiga sojan ruwa. A Yaƙin Duniya na Biyu, cikin Agustan 1943, jirgin yaƙin Japan ya tsaga ƙaramin jirginsa biyu. John ya yi iyo na sa'o'i yana jan wani sojansa da ya ƙone, da igiyar rigar ruwansa a haƙora, har suka kai wani tsibiri.

Bayan yaƙi ya shiga siyasa. Ya zama ɗan majalisar wakilai a 1947, sanata a 1953, sannan ya kayar da Richard Nixon a zaɓen 1960. An rantsar da shi ranar 20 ga Janairu, 1961, yana da shekara 43. Mulkinsa bai rasa tuntuɓe ba, domin harin da ya amince a kai wa Kuba a 1961 ya watse da kunya. Amma a 1962, da rikicin makamai ya kusa jefa Amurka da Tarayyar Sobiyet cikin yaƙin nukiliya, sulhu ya zaɓa.

Yana da alaƙa da ƙasarmu. A Yulin 1961 ya karɓi Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Washington. A Agustan 1963 kuma suka yi magana ta tarho, muryarsu na bi ta tauraron ɗan'adam, abin da shugabannin ƙasashe biyu ba su taɓa yi ba kafin su. Shi ne ya kafa shirin da ya turo matasan Amurka koyarwa a makarantun Nijeriya.

A Yunin 1963 ya ziyarci Dunganstown, ya sha shayi da danginsa a tsakar gidan da kakan mahaifinsa ya baro. Wata biyar bayan haka, ranar 22 ga Nuwamba, aka harbe shi a birnin Dallas. Ya mutu yana da shekara 46.

'Yan'uwa, a Talata Mafara da Bakura da Maradun akwai iyalan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu da gonakinsu, kuma 'ya'yansu na zaune da mu a aji. Wasu ba su da takalmi, wasu sun yi shekara ba karatu. Kada mu yi musu dariya ko mu laƙaba musu suna. Mu matsa musu a benci, mu ara musu littafi. Waɗanda suka raina Patrick a Boston ba su san wanda zai fito daga zuriyarsa ba.