Michael Faraday: ɗan maƙerin da ya fitar da wuta daga ƙarfe

Duk ɗan kasuwar da ke tada janareto da magariba don haska shagonsa, yana cin gajiyar aikin wani ɗan maƙeri na Ingila mai suna Michael Faraday.

An haife shi a wajen birnin Landan a shekarar 1791. Gidansu talakawa ne, karatunsa na makaranta bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wajen George Riebau, inda ya shekara 7. Littafin da aka kawo ɗinki, sai ya karanta shi.

A 1812 ya saurari laccocin masani Humphry Davy, ya rubuce su da hannunsa, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji a cibiyar Royal Institution. Da suka fita rangadin Turai, matar Davy ta riƙa yi masa kallon bara. Ya haƙura.

Babban aikinsa ya zo ne ranar 29 ga Agusta 1831. Ya samu zoben ƙarfe, ya naɗa waya a gefe guda, ya naɗa wata daban a ɗaya gefen, ba su taɓa juna. Da ya haɗa ta farko da batir, sai allurar awo da ke jikin ta biyu ta motsa, ta koma ta tsaya. Da ya cire batirin, ta sake motsawa. Ashe ƙarfen ne ke zama maganaɗisu, kuma canjin ƙarfin maganaɗisun shi ke haifar da wuta a waya ta biyu. Taransifomar unguwa a kan wannan take aiki. Bayan ƴan watanni ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakin maganaɗisu, wuta ta riƙa fita ba yankewa. Asalin janareto ke nan.

Abin da zai ba ɗan kasuwa mamaki, Faraday ya rage aikin kuɗi da masu masana'antu ke ba shi don ya samu lokacin bincike. Sau biyu ya ƙi shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society. Lokacin yaƙin Kirimiya aka nemi ya taimaka wajen haɗa iska mai guba, ya ƙi.

Mantuwa ta dame shi a tsufa. Ya rasu ranar 25 ga Agusta 1867, bai bar ɗa ba. Zoben nan yana ajiye a Royal Institution har yau.