Waliyi Rikardo Pampuri, Likitan Haƙorin Matalauta

Ranar 1 ga watan Mayu Ikilisiya kan tuna da Waliyi Yusufu Ma'aikaci, majiɓincin babbar majami'armu ta Kaduna. A wannan rana ce kuma ake tunawa da wani bawan Allah wanda yawancinmu ba mu san labarinsa ba, wato Rikardo Pampuri. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya zo Kaduna cikin watan Fabrairu na 1982 ya keɓe firistoci a Dandalin Murtala, shi ne ya sa sunansa cikin masu albarka ranar 4 ga Oktoba, 1981, ya kuma shaida shi Waliyi ranar 1 ga Nuwamba, 1989.

An haife shi ranar 2 ga Agusta, 1897, a ƙauyen Tiribolziyo kusa da birnin Pabiya a arewacin Italiya, aka raɗa masa suna Erminiyo. Shi ne na goma cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Yana da shekara uku mahaifiyarsa ta rasu, kafin ya wuce shekara goma mahaifinsa ma ya bi ta. Dangin uwa suka riƙe shi, a gidan da akwai likita, can ya tashi yana ganin yadda ake jiyyar marasa lafiya.

Tun yana yaro burinsa ya zama ɗan mishan, ya ƙetare teku da bishara. Yayarsa ta samu wannan rabo, ta zama Sista, ta yi aiki shekaru masu yawa a ƙasar Masar. Shi kuwa jikinsa ba shi da ƙwari, saboda haka ya shiga Jami'ar Pabiya a 1915 don koyon aikin likita. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu, aka ɗauke shi cikin ma'aikatan jiyya na soja. A 1917, sa'ad da rundunar Italiya ta karye a Kaporeto kowa ya yi ta kansa, Erminiyo ya ga an watsar da magunguna da kayan ɗaurin rauni. Ya loda su a amalanke, ya ɗaura wa saniya, ya kora ta cikin ruwan sama kwana da yini har ya cim ma 'yan'uwansa. An ba shi lambar yabo, amma daga nan ya kamu da ciwon huhun da bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Ya gama karatu a 1921, aka tura shi ƙauyen Morimondo. Shekara shida ya yi a can yana bin gidajen manoma dare da rana, sanyi ko ruwa. Talaka ba ya biyansa ko anini. Sau da yawa ma shi ne zai sayi maganin, ya bar kuɗin cefane, wani lokaci har da rigar jikinsa. Kowace safiya yana wurin Misa, carbinsa kuwa ba ya rabuwa da shi. Ya tara samarin ƙauyen cikin zumunta, yana kai su wuraren keɓewa don addu'a, ya kuma riƙe aikin tara gudummawa saboda 'yan mishan da ke ƙasashen nesa.

A 1927 ya bar albashinsa da matsayinsa ya shiga ƙungiyar 'Yan'uwan Waliyi Yohanna na Allah, masu hidimar asibiti, aka ba shi suna Rikardo. Ya ɗauki alkawarinsa ranar 24 ga Oktoba, 1928. Shugabanninsa suka danƙa masa ɗakin haƙori na asibitinsu a birnin Baresha, inda leburori da matalauta ke zuwa. Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san yadda yake raba mutum da barci da abinci, ya hana shi neman na kansa. Rikardo bai raina wannan aiki ba. Ya karɓi kowa da sakin fuska, ya yi aiki a hankali, wanda ya lura yunwa ce ta haɗu masa da ciwo ya sallame shi da abin sa wa a baki. Idan ya tashi daga nan ya ɗauki tsintsiya kamar kowane ɗan'uwa. Abin da Ubangijinmu ya koyar a Matiyu sura 25 game da ziyarar marasa lafiya, shi ya riƙa gani a fuskar duk wanda ya zauna gabansa.

Ciwon huhun ya tashi, aka kai shi Milan, ya rasu ranar 1 ga Mayu, 1930, bai cika shekara 33 ba. Gawarsa tana majami'ar ƙauyensu, masu ziyara na zuwa neman addu'arsa.

Ƙafarsa ba ta taɓa taka Afirka ba, amma ƙungiyarsa ta iso. A 1970 'yan'uwansa suka buɗe asibiti a Tangiyeta, arewacin Jamhuriyar Benin, inda likitocin sa-kai daga Turai kan zo su yi makonni suna aiki kyauta. A Sakkwato ma, tun 1999 akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda ke fara wa daga dasashi ta cinye fuskar yaro, likitoci daga ƙetare suna haɗa hannu da namu wajen yi musu tiyata. Rayuwar Rikardo ta nuna mana cewa mai irin wannan hidima shi ma yana samun warkewa, gama zuciyarsa kan yi laushi, addu'arsa ta ƙara nauyi.

To, mu fa? A cikinmu akwai likitoci da ma'aikatan jiyya, a Kawo da Unguwar Rimi da Malali da sauran unguwanni. Ba sai sun hau jirgi ba. Ƙauyukan da ke kewaye da mu cike suke da yaran da ba a taɓa duba bakinsu ba. Ranar Asabar guda a wata ta isa a fara. Zumuntar Mata da matasa su kula da tsabtar bakin yara, in an ga dasashi ya kumbura ko yana jini a garzaya asibiti. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Waliyi Rikardo Pampuri, ka yi addu'a dominmu. Amin.