Tarihin Rayuwar Lucius Lamar (1825-1893) da Zuriyarsa

Idan ana maganar Kudu a tarihin ƙasar Amurka, ana nufin jihohin da arzikinsu ya dogara ga noman auduga da taba da rake, waɗanda bayi 'yan asalin Afirka suke nomawa. Jihohi 11 daga cikinsu ne suka ɓalle daga tarayya, abin da ya jawo yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Ɗaya daga cikin mutanen da suka jagoranci wannan ɓallewa shi ne Lucius Quintus Cincinnatus Lamar. Shi ne ya rubuta takardar ficewar jihar Misisifi daga tarayya, sannan shekara 27 bayan haka ya hau kujerar alƙali a Kotun Ƙoli ta ƙasar da ya yaƙa. Har yau masana tarihi ba su daina jayayya a kan matsayin da ya dace a ba shi ba.

Asalin zuriyar Lamar

Kakannin Lamar Faransawa ne mabiya ɗariƙar Furotesta, waɗanda suka bar ƙasarsu suka zauna a yankin Merilan a ƙarni na 17. Daga nan zuriyar ta yi ta gangarawa kudu har wani reshe nata ya kafu a jihar Jojiya. Kakansa, John Lamar, babban manomi ne mai bayi a gundumar Putnam, kusa da garin Eatonton, kuma 'yar uwarsa ya aura, Rebecca Lamar, irin auren zumuncin da manyan gidajen yankin suka saba yi don dukiya ta tsaya a gida.

Sunayen 'ya'yan gidan sukan ba mai karatu mamaki. Labarin da zuriyar ke bayarwa shi ne, wani ɗan uwansu mai suna Zachariah, mutum mai yawan karance-karancen tarihi, shi ne yake raɗa wa yaran sunayen gwarazan da ya ci karo da su a littattafai. Ta haka aka sami Lucius Quintus Cincinnatus, sunan wani Barume na zamanin da wanda aka kira daga gonarsa ya ceci birnin Rum, da ya gama kuma ya ajiye mulki ya koma huɗa. Aka kuma sami Mirabeau Buonaparte, sunan da ya haɗa wani jigon juyin juya halin Faransa da Napoleon.

Mirabeau ɗin nan, wato baffan wanda ake ba da tarihinsa, ya yi ƙaura zuwa Tekzas a 1835, ya jagoranci mayaƙan doki a yaƙin San Jacinto na 1836, sannan ya zama shugaba na biyu na Jamhuriyar Tekzas daga 1838 zuwa 1841. Ana tunawa da shi a can saboda filayen da ya sa aka keɓe domin makarantu, ana kuma tunawa da shi saboda korar ƙabilar Cherokee da ƙarfin bindiga a 1839. Akwai kuma wani danginsu na birnin Savannah, Charles Lamar, wanda ya shirya tafiyar jirgin ruwan nan mai suna Wanderer. A 1858 jirgin ya sauke 'yan Afirka kimanin 400 a tsibirin Jekyll, alhali dokar ƙasa ta haramta shigo da bayi tun 1808. A wani reshen kuma aka sami Joseph Rucker Lamar, wanda shi ma ya zama alƙalin Kotun Ƙoli daga 1911 zuwa 1916.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Lamar ranar 17 ga Satumba, 1825, a gonar gidansu da ke gundumar Putnam. Sunan mahaifinsa aka mayar masa. Mahaifin lauya ne da ya tattara dokokin jihar Jojiya a littafi guda, ya kuma zama alƙalin babbar kotu yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Sai dai ciwo da baƙin ciki sun yi masa katutu, har ya kashe kansa ranar 4 ga Yuli, 1834, yana da shekara 36. A lokacin yaron bai cika shekara tara ba. Waɗanda suka rubuta tarihin Lamar sun yi ta nuni da cewa shi ma ya rayu yana fama da zurfin tunani da kaɗaici, yakan ɗauki lokaci ya janye jiki daga mutane.

Mahaifiyarsa, Sarah Bird, ta kwashe 'ya'yanta zuwa garin Covington, ta sa shi a wata makarantar mishan inda ɗalibai ke haɗa karatu da aikin gona. Daga nan ya shiga kwalejin Emory, ya kammala a 1845. Ya koyi aikin lauya a birnin Macon, aka ba shi izinin aiki a 1847. A wannan shekara ce kuma ya auri Virginia, 'yar shugaban kwalejin, Augustus Baldwin Longstreet. Wannan suruki ya zame masa uba. Longstreet tsohon alƙali ne, mai wa'azi, marubuci, kuma yana cikin masu kafa hujja da littafin addini don kare bautar da mutane. Da aka naɗa shi shugaban Jami'ar Misisifi a 1849, sai Lamar ya bi shi garin Oxford, yana koyar da lissafi yana kuma aikin lauya.

Ya koma Jojiya na ɗan lokaci, har aka zaɓe shi majalisar dokokin jihar a 1853. A 1855 ya dawo Misisifi ya sayi gonar auduga, da bayi da dama suna yi masa aiki. A 1857 ya shiga Majalisar Wakilai ta tarayya, inda ya yi suna wajen iya magana. Kusan duk jawabansa na wancan lokaci a kan abu biyu suke: kare bauta, da haƙƙin jihohi na gudanar da al'amuransu ba tare da katsalandan daga tarayya ba.

Yaƙin basasa

Da aka zaɓi Abraham Lincoln a 1860, Lamar ya bar majalisa ya koma gida. Takardar da ya tsara ita taron jihar ya amince da ita ranar 9 ga Janairu, 1861, Misisifi ta zama jiha ta biyu da ta fice. Shi da abokin aikinsa na lauya, Christopher Mott, suka haɗa runduna ta 19 ta sojojin ƙasa na jihar. A yaƙin Williamsburg na watan Mayun 1862 aka kashe Mott, Lamar ya karɓi ragamar rundunar a tsakiyar fama. Ba a jima ba wani ciwo mai kama da shanyewar jiki ya kwantar da shi, dole ya ajiye aikin soja.

Shugaban 'yan tawayen Kudu, Jefferson Davis, ya naɗa shi jakada zuwa Rasha. Ya isa Ingila da Faransa yana neman goyon baya, amma bai taɓa taka ƙasar Rasha ba, domin majalisarsu ba ta tabbatar da naɗin ba. Ya dawo ya ƙarasa yaƙin a matsayin mai shari'a a kotun soja, kuma yana tare da rundunar Janar Lee lokacin da ta miƙa wuya a Appomattox a 1865. Yaƙin ya ci ƙannensa biyu: Jefferson ya mutu a 1862, Thompson kuma a 1864. Bayi sun sami 'yanci, dukiyar gidan ta rushe. Lamar ya koma jami'a yana koyar da falsafa, daga baya shari'a, har 1870.

Jawabin 1874 da zaɓen 1875

Bayan yaƙi, gyaran fuska na 14 da aka yi wa tsarin mulki ya hana irin su Lamar riƙe muƙami sai majalisa ta yafe musu. An yafe masa, ya koma Majalisar Wakilai a 1873. Shi ne ɗan jam'iyyar Dimokurat na farko da Misisifi ta tura can bayan yaƙi.

A watan Maris na 1874 Charles Sumner ya rasu. Sumner ɗan Majalisar Dattawa ne daga Masacuset, kuma babu wanda masu bayi suka tsana kamarsa. A 1856 wani ɗan majalisa daga Kudu ya yi masa dukan kawo wuƙa da sanda a cikin zauren majalisa saboda sukar bauta. Ranar 27 ga Afrilu, 1874, Lamar ya tashi ya yi jawabin ta'aziyyarsa. Ya yaba wa gaskiyar mamacin, ya tuna cewa Sumner ya nemi a cire sunayen yaƙoƙin basasa daga tutocin soja don kada su riƙa fama tsohon miki, ya kuma yi kira ga Arewa da Kudu su fahimci juna. An ba da labarin cewa wasu 'yan majalisa sun yi hawaye. Jaridun Arewa suka ɗauke shi a matsayin muryar sulhu, wasu jaridun Kudu kuwa suka ce ya zubar da mutuncin yankinsa.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya tsaya ya dubi abin da ke gudana a gida. Baƙaƙen fata sun fi farare yawa a Misisifi, sun sami ikon jefa ƙuri'a, suna zaɓen jam'iyyar Rifabilikan, har sun tura mutum biyu daga cikinsu, Hiram Revels da Blanche Bruce, zuwa Majalisar Dattawa. Muddin aka yi zaɓe na gaskiya, jam'iyyar Lamar ba ta da hanyar komawa mulki. A zaɓen 1875 sai jam'iyyar ta bi tafarkin tsoratarwa: ƙungiyoyin farare ɗauke da bindigogi suna tarwatsa tarurrukan siyasa, masu gonaki suna barazanar korar duk ɗan ƙwadagon da ya je rumfar zaɓe. A garin Clinton, a watan Satumba, an kashe baƙaƙen fata da dama cikin 'yan kwanaki. Gwamna Adelbert Ames ya nemi gwamnatin tarayya ta turo sojoji, ba ta turo ba. Dimokurat suka kwashe majalisar jihar, suka tilasta wa Ames yin murabus a 1876.

Lamar na cikin manyan jagororin wannan yaƙin neman zaɓe. A bainar jama'a yana kira ga zaman lafiya, a Washinton kuma aikinsa shi ne kwantar wa 'yan Arewa hankali cewa ba a bukatar tsoma bakin tarayya. Farin jinin da jawabin Sumner ya samar masa shi ne jarin da ya yi wannan aiki da shi. Sulhun da ya nema tsakanin fararen Arewa da fararen Kudu ne, kuma 'yancin baƙar fata aka sadaukar don a same shi. Majalisar da wannan zaɓe ya haifar ita ce ta zaɓe shi ɗan Majalisar Dattawa, domin kafin 1913 majalisun jihohi ne ke yin wannan zaɓe. Ya kama aiki a 1877.

Majalisar Dattawa da batun azurfa

Abin da aka fi tunawa da shi a zamansa na majalisar ya faru ne a 1878. Bashi ya yi wa manoman Kudu kanta, kuɗi sun yi wuya, don haka suna son gwamnati ta buga kuɗin azurfa da yawa, farashin auduga ya tashi, biyan bashi ya yi sauƙi. Majalisar dokokin Misisifi ta aiko masa da umarni ya goyi bayan dokar. Lamar yana ganin hakan zai karya darajar kuɗi, ya kuma zama cin amanar waɗanda ke bin gwamnati bashi. Ya sa aka karanta umarnin a zaure, sannan ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa. Jiharsa ta yi masa ca. Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya zagaya garuruwa yana bayyana hujjarsa ga manoman da suka fusata, kuma aka sake zaɓensa.

Minista da alƙali

Matarsa Virginia ta rasu a ƙarshen 1884, ta bar masa ɗa namiji guda da 'ya'ya mata uku. A 1885 Shugaba Grover Cleveland ya naɗa shi ministan harkokin cikin gida. A wannan kujera ya ƙwato wa gwamnati filaye masu tarin yawa daga hannun kamfanonin jirgin ƙasa da ba su cika sharuɗɗan da aka ba su ba. A zamaninsa ne kuma aka kafa dokar Dawes ta 1887, wadda ta yanka filayen ƙabilun asalin ƙasar zuwa gonaki na ɗaiɗaikun mutane. Sakamakonta shi ne mafi yawan filayen suka suɓuce daga hannunsu. A farkon 1887 ya auri Henrietta Holt, wata bazawara daga Macon.

A watan Disamba na 1887 Cleveland ya gabatar da sunansa don Kotun Ƙoli. 'Yan Rifabilikan suka yi adawa, suna kafa hujja da tarihinsa na tawaye, da shekarunsa 62, da kuma daɗewar da ya yi bai yi aikin lauya ba. Ranar 16 ga Janairu, 1888, aka tabbatar da shi da ƙuri'a 32, masu adawa 28. Shi ne tsohon ɗan tawayen Kudu na farko da ya shiga kotun. Shekara biyar kawai ya yi. Hukuncinsa da aka fi ambata shi ne na shari'ar Kidd da Pearson a 1888, inda ya bambanta sarrafa kaya da cinikinsu tsakanin jihohi, ya ce na farkon hurumin jiha ne. A shari'ar Neagle ta 1890 ya saɓa wa rinjayen alƙalai, yana mai taƙaita ikon gwamnatin tarayya, ra'ayin da yake kai tun yana matashi.

Ya rasu ranar 23 ga Janairu, 1893, a Macon. A can aka fara binne shi, a 1894 aka mayar da gawarsa Oxford ta Misisifi.

Sunansa bayan rasuwarsa

Tarihinsa na farko surukinsa ne ya rubuta shi, Edward Mayes, mijin 'yarsa Frances, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Misisifi. Littafin ya fito a 1896, kuma hoton mai sulhu da ya zana shi ne ya zauna a zukatan mutane tsawon shekaru. An sa sunan Lamar ga gundumomi a Jojiya da Alabama da Misisifi. A 1956 John F. Kennedy ya sanya shi cikin 'yan Majalisar Dattawa takwas da ya yaba wa jaruntakarsu a littafinsa Profiles in Courage, saboda jawabin Sumner da ƙuri'ar azurfa. A cikin babin ya muzanta mulkin Gwamna Ames, abin da ya sa 'yar gwamnan, Blanche Ames, ta yi ta rubuta wa Kennedy wasiƙu tana neman ya gyara, amma ba a gyara ba.

Masana tarihi na baya-bayan nan sun koma ga rahotannin binciken da Majalisar Dattawa ta yi a kan zaɓen 1875, da shaidar waɗanda abin ya shafa, suka sake auna mutumin. A 2018 Jami'ar Misisifi ta kafa allo a ginin da ke ɗauke da sunansa, wanda ke bayyana rawar da ya taka wajen kare bauta da tauye haƙƙin baƙar fata. A 2022 Jami'ar Emory, inda ya yi karatu, ta cire sunansa daga kujerun farfesoshinta na fannin shari'a.