H. Julian Allen, mutumin da ya dakushe hancin roka

In ka shiga Babbar Kasuwar Kaduna ka ga wajen masu sayar da kasko, tsaya ka kalli gindinsa da kyau. Faffaɗa ne, mai ɗan lanƙwasa. To kusan haka gindin kumbon da ke dawo da 'yan sama jannati duniya yake, kuma wani injiniya ɗan Amurka ne ya gano cewa haka ya kamata ya zama.

An haifi Harry Julian Allen a 1910 a jihar Illinois. Ya yi karatu a Jami'ar Stanford, a 1936 ya kama aiki da NACA, hukumar da daga baya ta zama NASA. A 1940 ya koma cibiyar bincike ta Ames a Kalifoniya. Mutum ne mai barkwanci da son tsofaffin motoci. Kowa ya gani Harvey yake kiransa, har sunan ya dawo ya maƙale masa.

Matsalar da ta ishi injiniyoyin lokacin ita ce dawowa. Harba roka sama abu ɗaya ne, amma in ta juyo da gudu ta afka cikin iska, zafin da ke tashi ya isa ya narkar da ƙarfe. Kowa na ganin a ƙara wa hancin tsini kamar allura don ya tsaga iska. Ai abin da hankali ke ba mutum ke nan. A farkon shekarun 1950 Allen ya nuna akasin haka: hanci mai tsini yana barin iskar da ta yi zafi ta manne da jikin roka, shi kuwa dakusasshe yana tura dunƙulen iskar gaba, ya bar 'yar tazara, sai mafi yawan zafin ya watse a iska. Shi da Alfred Eggers suka rubuta rahoto a 1953, gwamnati ta ɓoye shi na shekaru. Kada mu yaudari kanmu, don makamai masu linzami aka fara neman wannan ilimi, ba don yawon sama ba.

Lissafi a takarda bai isa ba, sai an gwada. A tsakiyar shekarun 1950 aka yi ta harba rokar gwaji X-17 ta kamfanin Lockheed. Dabararta abin mamaki ce: kashi na farko ya kai ta sama, ta juya kai ƙasa, sannan sauran kashi biyun su tashi su cilla hancin zuwa ƙasa da matsanancin gudu, a auna zafin. A Agustan 1957 kuma aka tsamo hancin rokar Jupiter-C daga tekun Atlantika bai ƙone ba, har Shugaba Eisenhower ya nuna shi a talabijin.

Ga inda labarin ya biyo ta wajenmu. NASA ta kafa tashar bibiyar kumbon Mercury a Kano, kuma ran 20 ga Fabrairu 1962 ta yi magana da John Glenn yana kewaya duniya. A tafiyar nan wata na'ura ta nuna kamar garkuwar zafin da ke gindin kumbon ta kwance, hankalin kowa ya tashi. Ashe na'urar ce ta yi kuskure. Glenn ya sauko da faffaɗan gindin a gaba, lafiya lau.

Allen ya zama shugaban Ames a 1965. Ya rasu a Janairun 1977, yana da shekara 66.