Ibn Nafis: Likitan da ya gano hanyar jini tsakanin zuciya da huhu

Sama da shekara dubu likitoci suka yi suna riƙe da wani kuskure game da zuciyar ɗan Adam. Galen, shahararren likitan zamanin Rumawa, ya koyar da cewa jini na ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani. Wanda ya fara rushe wannan fahimta shi ne Ibn Nafis.

An haifi Ala'uddin Ali bn Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibn Nafis, wajen shekarar 1213 a yankin Damaskus na ƙasar Sham. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri a hannun malaminsa al-Dakhwar, sannan ya koma Alƙahira wajen 1236, inda ya kai matsayin shugaban likitocin Masar. Ban da likitanci, malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'iyya.

Wajen 1242, kafin ya cika shekara 30, ya rubuta sharhi kan sashen halittar jiki na littafin al-Ƙanun na Ibn Sina. A ciki ya bayyana cewa bangon da ya raba zuciya biyu mai kauri ne, ba shi da wata kafa. Jini yana fita ne daga ɓangaren dama ya tafi huhu, ya haɗu da iska, kana ya dawo ɓangaren hagu.

Bai tsaya nan ba. Ya saɓa wa Ibn Sina, wanda ya ce zuciya na samun abincinta daga jinin da ke ɓangarenta na dama. Ibn Nafis ya ce jijiyoyin da suka ratsa naman zuciyar ne ke ciyar da ita. Waɗannan jijiyoyi ne idan suka toshe ake samun bugun zuciyar da kan kashe mutum farat ɗaya.

Ya rasu a Alƙahira a watan Disamban 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri. Babban kundinsa, al-Shamil, ya tsara zai kai mujalladi 300, amma 80 ya kammala.

A Turai, sai a 1553 Michael Servetus ya wallafa bayani makamancin nasa, sannan William Harvey na Ingila ya bayyana zagayawar jini a dukkan jiki a 1628. Duniyar kimiyya ba ta waiwayi binciken Ibn Nafis ba sai a 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a ɗakin karatu na Berlin.

Har yau cutar zuciya ba ta daina ɗaukar rayuka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

A ƙasar Hausa ma an yi binciken da ya ja da abin da aka gada. A shekarun 1970, likitoci Neil Davidson da Eldryd Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta gazawar zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya nauyi.

Wannan ya shafi mutanen Gaya da Zabori a jihar Doso, inda gishirin Foga da kanwa ba sa yankewa a kasuwa. Hukumar ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Hawan jini kuwa yakan daɗe bai nuna alama ba, awo ne kaɗai ke tona shi. Don haka ɗan ci-rani da ke aika kuɗi gida daga Kwatano ko Legas, ya haɗa da na kai iyaye asibiti a auna su. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashinta ke sarƙewa kuwa, a garzaya da ita wurin likita ba tare da jira ba.