Gregor Mendel, Rahibin Da Ya Gano Ƙa'idar Gado

An haifi Gregor Mendel a shekarar 1822 a ƙauyen Heinzendorf na daular Ostiriya, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek. Ɗan manomi ne, talauci kuwa ya kusa raba shi da karatu, shi ya sa a 1843 ya shiga gidan rahiban Kirista na birnin Brno. Sau biyu yana zaman jarrabawar malanta, sau biyu yana faɗuwa.

Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka waken Turawa wajen tushe 28,000 a lambun gidan, yana barbarar iri da iri da hannunsa, yana ƙidaya. Ya lura in aka haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duka dogaye ne, amma a jikoki sai gajartar ta sake ɓullowa, kimanin ɗaya cikin huɗu. Ashe halin ɓuya ya yi. Da wannan lissafi ne masu kiwon macijin masara a Amurka suke gane cewa iyaye biyu masu launin asali, muddin kowanne yana ɗauke da halin a ɓoye, suna iya samar da ɗa mai jajayen idanu, marar baƙi ko kaɗan a jikinsa.

An buga sakamakon bincikensa a 1866, masana ba su kula ba. Bayan an naɗa shi shugaban gidan a 1868, rigimar haraji da gwamnati ta cinye ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1884. Sai a 1900 wasu masana tsirrai uku suka tono takardarsa.