Enrico Mattei (1906-1962): Rayuwarsa da Siyasar Bututun Mai da Iskar Gas

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Enrico Mattei, wanda ya kafa kamfanin makamashi na gwamnatin Italiya. An nuna yadda shimfiɗa bututu ya ɗaukaka shi, ya kuma jefa shi cikin rikicin manyan ƙasashe a zamanin Yaƙin Cacar Baka.

1.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Mattei ranar 29 ga Afrilu 1906 a garin Acqualagna da ke tsakiyar Italiya. Mahaifinsa jandarma ne. Bai yi nisa a karatu ba ya kama aiki a wata majema a garin Matelica, ya kai matsayin manaja tun yana da ƙuruciya. A 1929 ya koma Milan, inda daga baya ya buɗe masana'antar sinadarai ta kansa. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga sahun 'yan sari-ka-noƙe da suka yaƙi sojojin Jamus da magoya bayan Mussolini. An kama shi a 1944, amma ya tsere.

2.0 Gas ɗin Kwarin Po

A 1945 aka naɗa shi ya rufe kamfanin mai na AGIP, wanda gwamnatin Mussolini ta kafa a 1926, ya sayar da kadarorinsa. Mattei ya yi kunnen uwar shegu da umarnin, domin an riga an gano iskar gas a Caviaga cikin kwarin kogin Po. Ya fahimci cewa gas ba ya amfanar kowa sai an kai shi bakin masana'anta. Saboda haka ya duƙufa wajen shimfiɗa bututai a arewacin ƙasar, sau da yawa ma'aikatansa na haƙa rami cikin dare ba tare da jiran izinin hukumomin garuruwa ba. Gas mai rahusa ya taimaka wajen farfaɗo da masana'antun Italiya, kuma a 1953 aka kafa kamfanin ENI da Mattei a matsayin shugaba.

3.0 Takun-saƙa da Manyan Kamfanoni

Italiya ba ta da isasshen ɗanyen mai. Kasuwar duniya kuwa tana hannun kamfanoni bakwai na Amurka da Birtaniya da Holan, waɗanda Mattei ya yaɗa yi musu laƙabi da 'Yan'uwa Mata Bakwai. Da suka raba man Iran a 1954 ba tare da ENI ba, sai ya ɓullo ta bayan gida. A 1957 ya ƙulla yarjejeniya da Iran wadda ta bar mata kashi 75 cikin ɗari na riba, alhali an saba da raba-daidai. Ya yi makamancin haka da Masar da Maroko.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne cinikin da ya yi da Tarayyar Sobiyet a 1960: ɗanyen mai tan miliyan 12 a musayar manyan bututan ƙarfe da roba da injinan tura mai. A lokacin Rasha na gina bututun Druzhba zuwa gabashin Turai, wanda Amurka ke ganin zai shayar da tankokin yaƙin abokan gaba. Shi kuma Mattei ya fara shimfiɗa wani bututun daga tashar jiragen ruwa ta Genoa zuwa kudancin Jamus, abin da ya sa aka ji tsoron man Rasha zai kwarara har tsakiyar Turai. A Nuwamba 1962 ƙungiyar NATO ta hana mambobinta sayar wa Rasha manyan bututai.

4.0 Aljeriya da Afirka ta Yamma

A 1956, ana tsaka da yaƙin neman 'yancin Aljeriya, aka gano mai a Hassi Messaoud da gas a Hassi R'Mel. Faransa ta so ta riƙe Sahara ko da ta saki arewacin ƙasar. Mattei ya ƙi shiga haƙar mai a can ƙarƙashin Faransa, ya mara wa ƙungiyar FLN baya, har ƙungiyar OAS ta Faransawa masu adawa da 'yancin ta yi masa barazanar kisa. A shekarunsa na ƙarshe ya waiwayi Afirka ta Yamma: an kafa reshen Agip na haƙar mai a Nijeriya a 1962, kuma ENI ne ya gina matatar Tema ta Ghana da aka buɗe a 1963.

5.0 Rasuwarsa

Ranar 27 ga Oktoba 1962 jirginsa da ya taso daga Catania ya faɗi a Bascapè kusa da Milan. Ya rasu tare da matuƙin da wani ɗan jaridar Amurka. Binciken farko ya ce hatsari ne. Mai gabatar da ƙara na Pavia, Vincenzo Calia, ya sake buɗe batun a 1994, ya kammala da cewa bam aka dasa, sai dai ba a hukunta kowa ba.

6.0 Kammalawa

Mattei bai tsira daga suka ba. An zarge shi da sayen 'yan siyasa da kuɗin kamfanin gwamnati da kuma yin gaban kansa a harkokin waje. Duk da haka, bututun da ke ɗaukar gas daga Hassi R'Mel ta Tunisiya zuwa Sisili tun 1983 sunansa aka sa masa, kuma shi Italiya ta jingina da shi bayan ɓarkewar yaƙin Yukren a 2022. A Hassi R'Mel ɗin ne ake shirin haɗa bututun da zai taso daga Nijeriya ya ratsa Nijar. Tambayoyin da suka dabaibaye rayuwar Mattei, wato wa ya mallaki bututu, ƙasar wa zai ratsa, kuma wa zai ci ribarsa, yanzu sun iso ƙasar Hausa.